Sarkin Ƙofa Na Cikin Ƙwaƙwalwa

Idan aka tambayi yaro ina mazaunin ƙishirwa, sai ya nuna maƙogwaronsa. In aka ce yunwa fa, sai ya dafa cikinsa. In aka ce barci, ya nuna ido. Ba yara kaɗai ba, manya ma haka su kan amsa, gama a wuraren nan ne mutum ya ke jin abin. Amma masu binciken jikin ɗan Adam sun tarar duka ukun nan, da zafin jiki, da girma, da balaga, har da zubowar nonon uwa, wuri guda a ke shirya su, cikin wani ɗan yanki na ƙwaƙwalwa wanda bai kai dabino guda girma ba. A kansa mu ke so mu yi magana, domin mu da mu ke koyon aikin malanta kullum za mu riƙa cin karo da aikinsa a cikin aji, ko mun san sunansa ko ba mu sani ba.

Sunansa haifotalamus. Wani Bature masanin gaɓoɓin jiki, Wilhelm His, shi ya raɗa masa sunan a shekarar 1893, ya ɗauko shi daga harshen Girkawa, ma'anarsa abin da ke ƙarƙashin ƙuryar ɗaki. Nauyinsa wajen giram 4 ne, alhali kuwa ƙwaƙwalwar babban mutum ta kan kai giram 1,400, watau ko kashi ɗaya cikin 300 bai cika ba. In mai karatu yana so ya san inda ya ke, ya ɗora yatsa a karan hancinsa tsakanin idanu, ya ɗora wani a gaban kunnensa kaɗan. Inda hanyoyin nan biyu za su gamu can tsakiyar ka, kusa da nan ya ke zaune.

Mu da ke Zariya ba za mu sha wuyar gane matsayinsa ba. Mutanen da suka kewaye birnin nan da ganuwa sun yi ta don kada kowane abu ya faɗo wa gari yadda ya ga dama. Amma tilas gari ya ci abinci, tilas ya ji labari, saboda haka aka bar ƙofofi, kamar Ƙofar Doka, da Ƙofar Kuyambana, da Ƙofar Gayan, da Ƙofar Jatau, aka sa masu tsaronsu. A zamanin da, wanda ya yini a bakin Ƙofar Jatau ya kan riga na cikin fada sanin halin da ƙasa ta ke ciki. In hatsi ya yi wuya, shi zai fara ganin jakuna sun ragu. In akwai tashin hankali a ƙauyuka, shi zai fara ganin masu gudu da kaya a ka.

To, ƙwaƙwalwa ma da ganuwarta. A shekarar 1885 wani likita Bajamushe, Paul Ehrlich, ya ɗura wa dabbobi rini cikin jini, da ya feɗe su sai ya tarar hanta da ƙoda da sauran kayan ciki duk sun rinu, amma ƙwaƙwalwa tana nan fara. Almajirinsa Edwin Goldmann ya sake gwadawa da wani shuɗin rini, ya sami haka nan. Dalili kuwa, ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa bangonsu a liƙe ya ke ƙwarai, ba ya barin kome ya wuce sai abin da aka zaɓa. Amma da aka ƙara dubawa sai aka ga waɗansu 'yan wurare ƙalilan sun yi shuɗi, kamar an tsoma su a marina. Waɗannan su ne ƙofofin, waɗansunsu kuwa a jikin haifotalamus su ke, waɗansu daura da shi. A nan ya ke ɗanɗana jini dare da rana, ya ji gishirinsa, ya ji abin da sauran gaɓoɓi suka zubo a ciki, kāna ya ba da umurni. Don haka muka ga ya dace mu kira shi sarkin ƙofa.

Bari mu fara da ƙishirwa, gama ba wanda ya fi mutanen ƙasar nan saninta. A shekarar 2022 watan azumi ya faɗo cikin Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da zafin rana a Zariya ya kan wuce awo 35, mutane kuwa suka riƙa yin fiye da sa'a 13 ba su kai ruwa baka ba. Me ya sa jiki bai bushe ba? Ga yadda abin ya ke. In mutum ya yi gumi, ruwan da ya fita ya fi gishirin da ya fita yawa, saboda haka jinin da ya rage sai ya ƙara gishiri. A bakin ƙofar nan akwai waɗansu ƙwayoyi waɗanda su kan tsuke in gishirin jini ya ƙaru, kamar yadda ɗanyen nama ya kan tsotse in an barbaɗa masa gishiri. Ko da ƙarin bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba, sun ji shi. Da sun tsuke sai su tā da sarkin ƙofa, shi kuwa ya aika da saƙo biyu.

Kafin mu faɗi saƙon, ya kamata a san jiki yana da hanyar aike iri biyu. Akwai saƙon da ke bin jijiya kamar waya, daga wuri ɗaya zuwa wuri ɗaya, nan da nan. Akwai kuma wanda a ke zubawa cikin jini ya zaga jiki duka, kamar mai shela da ke bin unguwa unguwa, kowa ya ji shi amma sai wanda maganar ta shafa ya ke amsawa. Irin wannan na biyu shi Turawa su ke kira homon, tun shekarar 1905. Abin da ya bambanta haifotalamus da yawancin ƙwaƙwalwa shi ne yana aike ta hanyoyin nan duka biyu.

Saƙo na fari homon ne mai suna basofiresin, ƙoda ya ke nufa. Ƙodar mutum tana tace ruwa wajen lita 180 daga jini kowace rana, watau cikin garwar kananzir 10, amma ta kan mayar da kusan dukansa, abin da ke fita fitsari bai fi lita ɗaya da rabi ba. In shelar basofiresin ta iso, sai ƙoda ta ƙara tsuke hannu, har abin da za ta saki a yini ya komo wajen rabin lita. Shi ya sa mai azumi ya kan ga fitsarinsa da la'asar ɗan kaɗan ne, ja kuma kamar shayi. Ba ciwo ba ne, tattali ne. Saƙo na biyu shi ne ƙishirwar kanta, wadda a ke aika wa sashen ƙwaƙwalwa mai tunani, a bushe bakin mutum, a sa kome ya duba sai ya tuna da randa.

Ba da ka aka faɗi wannan ba. Wani malami a Kambirij ta Ingila, E. B. Verney, ya nuna a shekarar 1947 cewa in an ɗura wa kare ruwan gishiri a jijiyar wuya mai kai jini ka, sai fitsarinsa ya ragu nan take. Bayansa kaɗan, wajen 1953, Bengt Andersson na ƙasar Siwidin ya ɗauki akuya wadda ta sha ruwa ta ƙoshi, ya ɗiga mata ɗan ɗigon ruwan gishiri a cikin haifotalamus, sai ga akuya ta koma bakin kwano tana ta sha kamar wadda ta kwana uku a daji. Maƙogwaronta ba abin da ya taɓa shi.

Akwai wani abin mamaki da kowa ya sani amma ba a cika lura da shi ba. In an sha ruwa da magariba, ƙishirwa ta kan kwanta tun mutum bai ajiye moɗa ba, alhali ruwan bai riga ya shiga jini ba, sai an jima. Ashe baki da maƙogwaro da ciki suna ƙidaya abin da ya wuce ta wurinsu, su aika wa sarkin ƙofa cewa ga ayari nan tafe, shi kuwa ya janye shelarsa tun kaya ba su iso ba. Ruwa mai sanyi ya fi saurin kai wannan labari, don haka na randa ya fi kashe ƙishi. Amma a san wannan: in mutum ya tsufa, jin ƙishirwarsa ya kan dushe, har jikinsa ya rasa ruwa bai sani ba. Tsoho da bazara ba a jiran ya roƙa, kai masa a ke yi.

In kuwa wurin nan ya sami rauni, ko ta faɗuwa a kan ka, ko ta wani ƙari da ya tsiro kusa, har basofiresin ya yanke, to, sai ƙoda ta saki hannu. Mai wannan lalura ya kan yi fitsari har ya kusa cika garwa a yini, fari kamar ruwa, ya yi ta sha ba ya ƙoshi. Ba ciwon sukari ba ne, gama fitsarinsa ba zaƙi, kiyashi ba su taruwa a kansa. Ba kasafai a ke ganinsa ba, kuma yana da magani, gama likitoci sun iya yin madadin homon ɗin. Abin da mu ke jin tsoro shi ne malamin da zai ga yaro yana neman izinin fita sau goma kafin a tashi, ya ɗauka rainin wayo ne, ya hana shi fita, ya kuma hana shi ruwa. Hana irin wannan yaro ruwa yana iya halaka shi.

Sai zafin jiki. Ko da hunturu ne, sa'ad da yara su ke zuwa makaranta da safe suna rawar ɗari, ko da tsakar bazara, in an sa ma'aunin zafi a bakin mai lafiya wajen awo 37 za a gani. A sashen gaba na haifotalamus akwai ƙwayoyi masu jin ɗumin jinin da ke ratsa su, fata kuma tana aiko musu da labarin waje. In zafi ya yi yawa sai a buɗe jijiyoyin fata jini ya taso sama, a saki gumi. Gumi ba ya sanyaya mutum sai ya bushe, daidai da yadda tsatsar jikin sabuwar randa ta ke sanyaya ruwan cikinta in iska ta buge ta. Shi ya sa zafin gab da damina, sa'ad da iska ta yi nauyi gumi ya ƙi bushewa, ya fi gallabar mutum. In kuwa sanyi ne, sai a tsuke jijiyoyin fata, tsikar jiki ta tashi, a sa nama makyarkyata don ya haifar da ɗumi.

Wannan ne ya warware mana wata matsala da ta daɗe tana ba mutane mamaki. Don me yaro mai zazzaɓin cizon sauro, jikinsa kamar garwashi, zai fita ya kwanta a rana yana makyarkyata yana kukan sanyi? Sa'ad da ƙwayoyin cutar suka farfasa jajayen ƙwayoyin jini, mayaƙan jiki su kan zuba wani sinadari cikin jini, ya iso bakin ƙofa, sai sarkin ƙofa ya ɗaga ma'auninsa daga 37 zuwa 39 ko 40. To, yaron da ke kan 38 a wurinmu yana da zafi, amma a wurin sarkin ƙofa bai kai ba tukuna, saboda haka sai a yi masa duk abin da a ke yi wa mai jin sanyi. In guguwar ta wuce aka mayar da ma'auni 37, sai jiki ya ga yana da rarar zafi, gumi ya karyo, mutanen gida su ce zazzaɓi ya sauka. Farasitamol aikinsa ke nan, ya sauko da ma'auni, amma ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. Wanda ya ba yaro shi kaɗai ya koma ya kwanta, ya rufe bakin mai shela ne, abokan gaba suna nan cikin gari.

Kada a gama wannan da bugun rana. Yaron da aka tsayar a fili da tsakar rana, ko aka sa shi gudu, har ya ruɗe ya faɗi, ma'auninsa bai motsa ba, zafi ne ya fi ƙarfin mai tsaro. Farasitamol ba ya yi masa kome. Inuwa ya ke bukata, a tuɓe masa riga, a jiƙa shi da ruwa, a yi ta fifita, a kuma garzaya da shi asibiti.

Yanzu mu sauka ƙasa kaɗan. Wanda ya sami kan rago wurin mahauta, ya fasa shi a hankali ya ɗauke ƙwaƙwalwa, zai ga wani ɗan rami a ƙashin da ke ƙarƙashinta, da wani ɗan ƙullutu kwance a ciki. A jikin mutum ramin nan ya yi kama da sirdi, har likitoci su na kiransa sirdin Turkawa, ƙullutun kuwa sunansa fituwitari, girmansa kamar ƙwayar wake, yana rataye a jikin haifotalamus da wani siririn wuya. Mu kan ga babu abin da ya fi wannan kyau a nuna wa 'yan aji, gama abin da ido ya gani ya fi zama. Jalinusu, babban likitan nan na zamanin Rumawa wanda malaman ɗibbu su ke ambata, ya zaci nan ne ƙwaƙwalwa ta ke tace majina ta zubo hanci, aka kuwa bi shi a kan haka fiye da shekara dubu. Da aka gane ƙullutun nan shi ke fitar da homon mai sa tsawo, shi ke kuma zuga sauran ƙullutai na wuya da na bisa ƙoda da na haihuwa, sai aka juya aka naɗa shi sarkinsu duka.

Ashe waziri ne. Geoffrey Harris na Ingila ya nuna, cikin shekarun 1940 da 1950, cewa akwai waɗansu 'yan jijiyoyin jini da ke gangarowa ta siririn wuyan nan daga haifotalamus zuwa fituwitari, in kuwa aka datse su aka hana su sake haɗuwa, sai yawancin aikin fituwitari ya tsaya. Watau umurni daga sama ya ke zuwa. Amma kama umurnin nan a hannu ya zama jan aiki, gama ɗan mitsitsi ne ainun. Mutum biyu a Amurka, Roger Guillemin da Andrew Schally, suka yi shekara da shekaru suna tsere da juna, ɗaya yana tara ƙwaƙwalwar tumaki daga mayanka, ɗaya ta aladu. Sai da Guillemin ya niƙa haifotalamus na tumaki wajen dubu 300 kāna ya sami miligiram guda, abin da bai kai ƙwayar gero nauyi ba. A 1969 aka san ƙirar homon na fari, a 1977 aka ba su biyun lambar Nobel. Mu kan yi tunanin yawan garken nan, mu ga lalle ilmi ba ya samuwa da arha.

Homon ɗin da suka fara kamawa shi ne mai tafiyar da ƙullutun wuya, shi kuwa ya bayyana mana asalin maƙoƙo. Ƙullutun wuya yana yin wani homon mai hura wutar jiki, amma ba ya iya yinsa sai da aidin, wanda a ke samu a abinci. In aidin ya yi ƙaranci sai homon ya ragu a jini. Sarkin ƙofa da waziri su ji ya ragu, su ƙara matsa wa ƙullutun, shi kuwa ba shi da kayan aiki, sai ya yi ta kumbura don ƙoƙari. Kamar hakimi ne da ke ƙara aika dogarai wurin maƙerin da ba shi da ƙarfe. Tun shekarar 1993 aka wajabta sa aidin cikin gishirin ci a Nijeriya, maƙoƙo kuwa ya ragu ƙwarai.

Balaga ma daga nan ta ke tasowa. Tun yaro yana ƙarami akwai wani homon da haifotalamus ya ke riƙe da shi, in lokaci ya yi sai ya fara sakinsa kaɗan kaɗan, da fari cikin dare, har murya ta buɗe, jiki ya sāke. Amma ya kan duba rumbu tukuna. Kitsen jiki yana aiko masa da wani homon, leftin, wanda aka gano a 1994, mai gaya masa yawan abin da aka tara. In yunwa ta daɗe ko ciwo ya ci jiki, sai ya jinkirta balaga. Ta wannan hanya kuma ya ke shirya yunwa da ƙoshi. An gwada a jikin ɓeraye, in aka ɓata wani gefe nasa sai ɓera ya yi ta ci har ya kasa tafiya, in aka ɓata wani gefen sai ya ƙi abinci ga shi a gabansa. Haka kuma shi ke yin homon mai sa naƙuda da zubowar nono, har uwa ta kan ji nono ya kawo da jin kukan jaririnta kawai, tsoro ko ɓacin rai kuwa su kan tsai da shi.

Batun tsoro ya shafe mu. Walter Hess na Suwizalan, wanda ya sami lambar Nobel a 1949, ya sa wa kyanwa siririyar waya a haifotalamus ya saki lantarki kaɗan, sai kyanwa mai lafiya ta tashi ta baje gashi, idanu suka buɗe, tana huci, ba kare ba kome a gabanta. Duk abin da jiki ya ke yi in ya firgita, bugun zuciya, bushewar baki, rawar hannu, daga nan a ke kunna shi. An shirya wannan don gudu ko faɗa, ba don lissafi ba. Yaron da aka tsayar gaban allo da bulala a bayansa, ba lalle ne ya manta karatunsa ba, jikinsa ne ya shiga shirin tsira, ya ture tunani gefe. A ganinmu malamin da ya san wannan zai rage dogara ga bulala, ko ba don tausayi ba, don ba ta biyan bukata.

Saura barci, a nan kuwa ƙasar Zazzau tana da labari nata. A cikin haifotalamus, daidai bisa inda jijiyoyin idanu biyu suka gicciye juna, akwai wani ɗan gungu na ƙwayoyi wajen dubu 20, shi ne agogon jiki. A 1972 aka tabbatar da shi, sa'ad da aka ɓata shi a jikin ɓeraye aka ga sun daina bambanta dare da rana. Agogon nan yana zagayawa da kansa cikin wajen sa'a 24, hasken da ke shiga ido kuwa shi ke daidaita shi kowace safiya. Shi ke faɗin lokacin da jiki zai yi sanyi a yi barci, da lokacin da za a zuba homon mai tā da mutum gab da asuba. Tun kafin a san agogon, wani likita a Biyana, Constantin von Economo, ya duba ƙwaƙwalwar mutanen da wata annoba ta kashe wajen 1917, ya ga waɗanda barci ya danne ɓarnarsu tana wajen bayan haifotalamus, waɗanda suka kasa barci kuwa tana wajen gabansa.

Cikin shekarun 1930 ciwon barci ya yi ɓarna a Arewa, har ma'aikatan lafiya suka sami fiye da mutum dubu 300 masu ɗauke da shi cikin shekara goma. Ƙasar Anchau, gabas da Zariya, tana cikin inda ya fi tsanani, a waɗansu wurare kusan mutum ɗaya cikin uku. Ƙudan tsando ke kawo shi, shi kuwa a kurmin bakin rafi ya ke zama, inda mata su ke ɗiban ruwa, yara su ke wanka. Saboda haka daga wajen 1937 aka shiga wani babban aiki wanda T. A. M. Nash, masanin ƙwari, ya yi suna a cikinsa. Aka sassare kurmi a bakin rafuka cikin wani yanki mai tsawon wajen mil 70 da faɗin mil 10, aka haƙa rijiyoyi don mutane su huta da zuwa rafi, aka tā da waɗansu daga matsatsin tsohon garin Anchau zuwa sabon gari da aka sa wa suna Takalafiya.

Mutanen lokacin sun ga mai ciwon yana gyangyaɗi da rana, har da loma a baki, suka ce barci ne ya yi masa yawa. Amma likitocin da suka auna barcin masu ciwon a Kwaddibuwa da Kwango cikin shekarun 1990 sun tarar jimlar barcinsu a yini da kwana ba ta fi ta mai lafiya da wani abin kirki ba. Barcin ne ya tarwatse, gutsure gutsure, da rana su faɗi, da dare su farka, homon da ke bin lokaci su ma suka rikice. Watau agogo ne ya lalace. An kuma gani a jikin ɓeraye cewa ƙwayar cutar, kafin ta iya keta ganuwar ƙwaƙwalwa, a 'yan ƙofofin nan ta ke fara sauka, maƙwabtan agogon. Shuɗin rinin da Goldmann ya yi aiki da shi ma, asalinsa an yi shi ne wajen neman maganin wannan ƙwaya, ga shi inda rinin ya sami shiga nan ita ma ta samu. Yanzu ciwon ya ja baya ƙwarai. A 2018 waɗanda aka kai rahotonsu ga Hukumar Lafiya ta Duniya ba su cika dubu ɗaya ba a duniya duka, a shekarar nan kuma aka amince da fekzinidazol, magani na haɗiya, a maimakon allurai masu wuya na da.

Saboda haka yaron da ke gyangyaɗi a ajinmu yau da wuya a ce tsando ne ya cije shi, amma agogon nan dai shi ne abin tambaya. An tabbatar cewa in yaro ya shiga balaga agogonsa ya kan ja baya, barci ba ya zo masa da wuri, ga shi yana bukatar sa'a 8 zuwa 10. In ya yi karatun dare, ko ya zauna yana duban hasken waya, wanda ke gaya wa agogo rana ba ta faɗi ba tukuna, sa'an nan aka tashe shi da asuba, to, bashin barcin nan a darasin farko zai biya shi. Kafin mu tsai da shi a rana sai mu tambaye shi yaushe ya kwanta, ko ya karya kumallo, mu taɓa goshinsa. In gyangyaɗin ya zarce makonni, ko yana tare da ciwon kai mai naci, ko yawan sha da fitsari, ko gani ya fara raguwa ta gefen ido, gama jijiyoyin gani a ƙarƙashin wurin nan su ke ratsawa, sai a kira uban yaron a gaya masa ya kai shi asibiti a duba.